Kaka Ba Ya Alkuki

Shafi na 23

Masu cika min waya da "Anti, shiru muka ji", ku yi haƙuri, ruwan bana ya sauka da wuri a nan Kusko ya tafi mana da wuta. Ke kuma da kika ce in tura Don Aurelio cikin kwazazzabo kowa ya huta, ba yau ba tukuna. Ku matso.

*

Tun daga ƙofar gida Nelida ta san ba lafiya ba.

Jajibirin Ranar Matattu ne. Kowane gida a ƙauyen Chaupimarka hayaƙi yake yi, ƙanshin burodi har bakin hanya, gidansu kaɗai ne shiru. Ta ce wa direban kamfaninsu na yawon buɗe ido ya jira ta, gaisuwa kawai za ta yi, don kafin rana ta take dole ta kasance a kan dutse. Yau maigidanta na wurin aiki, Don Aurelio, zai hau kufan tsohuwar daular Inka na Kuntur Pata tare da jami'ar ofishin kayan tarihi, a duba inda za a kafa tantuna. Jibi baƙin za su iso, wani attajirin birnin Lima da iyalinsa, waɗanda ta kwashe watanni tana tsara musu tafiya: jirgin ƙasa mai ɗakin kwana, kuku na musamman, tanti mai ɗumi kamar ɗakin amarya, sannan rana ta ƙarshe a kufan da ƙafar ɗan yawon buɗe ido ba ta taɓa takawa ba. Ita ta kawo shawarar. Ta ce ƙauyensu ne, ta san kowane dutse.

"Mamay?" ta kira mahaifiyarta.



Ta tura ƙofar kicin. Murhu a mace. Kwaɓin fulawa ya kumbura ya zubo daga kwano, ɓerayen masar sun samu biki a kansa. Mama Bernardina na zaune dirshan a ƙasa, kanta babu hula, ta kafe bango da ido.

Nelida ta bi idon mahaifiyarta zuwa alkuki.

Tun tana yarinya ƙoƙon kan Kaka Hilario yake zaune a alkukin nan, kamar yadda kakanni ke zama a gidaje da yawa na layinsu. Kullum yana naɗe cikin jan mayafi har hanci, da hular ulu a ka, ramukan ido kawai ake gani. Shi ke gadin gida. Mahaifiyarsu kaɗai ke taɓa shi, ita ke kunna masa kyandir, ta ajiye masa ganyen koka, ta zuba masa chicha, giyar masara, a ɗan kofinsa.

Yau ga kyandir, ga kofi, ga mayafi da hula a warware. A tsakiya kuwa kabewa ce zaune.

"Mamay, mene ne wannan?"

"Da safe na zo canza masa mayafi saboda gobe," in ji tsohuwar, muryarta a dashe. "Na ɗaga na ji nauyi. Har na ce, yau kuma ƙiba ka yi?"

"Sace shi aka yi?"

"Ɓarawo ba ya barin kabewa. Kabewar gonata ce. Je ki tambayi ƙaninki."

Nelida ta durƙusa za ta ɗaga ta, tsohuwar ta damƙe mata wuyan hannu har sai da ta ji zafi.

"Tsirara ya ɗauke shi, Nelida. Ba mayafi, ba hula. Tsirara."

"Zan nemo shi, Mamay. Gobe da rana in rayukan matattu sun sauka zai tarar da teburin abincinsa."

"Ba maganar gobe nake miki ba. Ki dawo min da shi kafin idon baƙo ya gan shi. Kin ji ni? Kafin idon baƙo."

Nelida ta dubi fuskar nan da kyau. Ta sha ganin mahaifiyarta cikin fushi, ta gan ta cikin baƙin ciki, amma ba ta taɓa ganin ta cikin tsoro ba. Matar da ta taɓa tare bijimi da muciya, yau ta kasa tashi daga ƙasa.

*

Ƙaninta Fortunato yana garke yana ɗaura wa alfadari sirdi, yana fito abinsa. Shi ya samu kwangilar ɗaukar kayan baƙi zuwa kan dutse, kuma tun da ya samu kansa ya ƙi shiga hula.

"Turay," ta kira shi, wato ɗan'uwana da yarensu.

"Panay, yayata! Manyan Kusko! Yau ke ce da takalmin hawan dutse? Ina mai tsinin nan?"

"Ina Kaka?"

Fiton ya tsaya.

"Wane kakan?"

"Guda goma muke da su?"

Ya ja igiyar sirdi, ya sake ja, har alfadarin ya waiwayo ya harare shi.

"Aro na yi."

"Aro."

"Na yini ɗaya tak. Kafin rana ta faɗi zan mayar da shi, tsohuwa ma ba za ta sani ba."

"Ta sani. Tana can zaune a ƙasa tana kallon kabewa."

Ya sauke hula ya sosa kai.

"Panay, ki tsaya ki ji. Maigidanki ne ya jawo. Ranar da ya zo ya zazzaga kufan nan, taɓe baki ya yi. Ya ce, Fortunato, dutse dai dutse ne, mutanen nan tun suna yara suka ga shahararren kufan Machu Picchu, me za mu nuna musu wanda babu a waya? Ya ce in babu, zai mayar da ranar ƙarshe wani wuri, ya ɗauki alfadaran wani ƙauye. Ke kuma a yi miki dariya a ofis. Sai bakina ya suɓuce."

"Ka ce masa me?"

"Na ce akwai kogo."

"Kowa ya san akwai kogo. Awaki ke fakewa a ciki."

"Na ce akwai wani tsohon basaraken Inka a ciki, mu 'yan gari kaɗai muka san da shi."

Nelida ta runtse ido.

"Ya ce yau yake son ya gani da idonsa, kuma kar in gaya miki, mamaki zai ba ki. To ina zan samo basarake cikin kwana biyu? Ga namu zaune a gida ba ya aikin komai."

"Ba ya aikin komai!"

"Ina nufin... ai shi ma ya sha iska. Na ɗan shafa masa laka ya yi kamar ya tsufa, na zuba fasassun tukwane a gabansa. Panay, na rantse in kin gan shi sai kin cire hula."

Ta so ta mare shi, amma hannunta ya ƙi ɗaguwa, domin wani abu ya riga ya faɗo mata a rai.

"Turay, ba shi kaɗai zai hau ba."

"Da wa?"

"Da Doktora Irma Pancorbo, ta ofishin kayan tarihi. Sai ta sa hannu za mu kafa ko da turke ɗaya a wurin."

"To ta sa mana. Ina ruwanta da kogo?"

"Kai da gaske ba ka sani ba, ko wasa kake? Duk abin da aka samu a cikin kufai na gwamnati ne. Kwali za a saka shi, a rubuta masa lamba a goshi, a kai shi sito a Kusko ya zauna da tukwane. Har ka mutu ba za ka sake ganinsa ba. Wanda ya taɓa wurin kuma gidan yari."

Igiyar ta faɗi daga hannunsa.

"Me ya sa ba ki gaya min ba?"

"Kai ka gaya min za ka sace kakanmu?"

"Wa ya kirawo matar?"

Nelida ce da kanta ta kirawo ta. Don Aurelio ya so a yi abin a ɓoye, a kafa tanti a kwana a sauka ba wanda ya sani, ita ce ta dage sai an bi doka, har tana alfahari da hakan.

"Muna da lokaci," ta ce. "Sai tsakar rana za su iso. Ka hau yanzu ka ɗauko shi."

Fortunato kuwa sama yake kallo, can inda hanyar mota ke naɗe dutse kamar rawani. Wata farar mota ce ke hawa a hankali, ta riga ta wuce kwanar ƙarshe.

Don Aurelio, mutumin da bai taɓa zuwa ko'ina a kan lokaci ba, yau ya yi sammako.

*

Ta hanyar awaki suka bi. Fortunato yana gaba yana tsalle daga dutse zuwa dutse, Nelida tana baya tana haki. Zaman ofis ya cinye mata huhu, ita da a da take hawan nan da ɗan rago a baya. Ƙirjinta kamar an hura wuta, amma ba abin da take ji a kunnenta sai muryar mahaifiyarta.

Da suka ɓullo kan dakalin ƙarshe na gonakin Inka, ga su nan su biyu. Don Aurelio yana zaune a kan kujerar naɗewa, ya rungume kwalbar iskar numfashi kamar jariri. Doktora Irma tana tsaye, gajeriya, mai furfura a gaban goshi, da jaka a kafaɗa. Bakin kogon kuwa yana bayansu, ko jifa ba ta kai ba.

"Nelita!" Don Aurelio ya ɗaga hannu. "Kin makara. Ga kuma gwarzona! Fortunato, zo ka gaisa da Doktora. Tun a mota nake ba ta labarinka."

Fortunato ya miƙa hannu kamar mai miƙa wuya.

"Barka da zuwa, Doktora," Nelida ta ce, tana ƙoƙarin daidaita numfashi. "Bari in fara nuna miki inda za a kafa tantuna. Ba za mu buga turke ko ɗaya a jikin gini ba, buhunan yashi za mu..."

"Na gani a takardarki."

"To wurin girki. Yana can ƙasa, nesa da..."

"Senyorita," Doktora ta katse ta, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Maigidanki ya ce min akwai mutum a cikin kogon can. Kina ganin zan bar mutum in je kallon murhu?"

"Mamaki ne, Nelita!" Don Aurelio ya tafa. "Ke ma ba ki sani ba. Ki yi tunani: an kunna fitilu, an gama cin abinci, mai busa yana busa, sai a ce wa baƙi su taso. Basaraken Inka, shi da su kawai! Za a yi shekara ana maganar nan a Lima. Doktora, in an rubuta a jarida, sunan kamfani ne ya gano, ko?"

Doktora ba ta ko dube shi ba. Safar hannu take sakawa.

"Akwai jemagu a ciki," Fortunato ya ce da sauri. "Bari in fara shiga in kore su."

"Ka tsaya inda kake, maigida. Na saba da jemagu."

Ta kunna tocila ta sunkuya ta shiga. Suka bi ta a baya, Nelida ce ta ƙarshe.

Yana can a lungu, a kan wani faffaɗan dutse, laka ta bushe a jikinsa, fasassun tukwane sun kewaye shi. Nelida ba ta taɓa ganinsa haka ba. Ya yi ƙanƙanta, ya yi kaɗaici. Kunya ta kama ta kamar ta buɗe wa babba ƙofar wanka.

Doktora ta durƙusa. Ta haska dama, ta haska hagu. Ta ɗauki guntun tukunya ɗaya ta juya shi, ta ajiye. Sannan ta kai hancinta kusa da goshin ta shinshina.

"Kyandir," ta ce.

"Na'am?" in ji Don Aurelio.

"Basarakenka warin kyandir yake, Don Aurelio. Wannan tukunyar kuma a kasuwar Lahadi ake sayar da irinta, ga sauran miya a jiki." Ta mayar da hasken kan fuskar Fortunato. "Kawo shi aka yi. Kuma yau, ga sawun takalmi ko ƙura bai yi ba. Daga wane kabari ka tono shi?"

"Ni? Doktora, ni ban tona..."

"Na gaji da ku. Ku farfasa kaburburan kakanninku, ku sayar da zane, ku sayar da tukwane, yanzu har da kawuna. Zan tafi da shi Kusko, kai kuma ka yi bayani a gaban hukuma." Ta zuge jakarta ta ciro farar leda.

"Ni ba ruwana!" Don Aurelio ya ja da baya har kansa ya bugi dutse. "Yaudarata aka yi! Nelida, ɗan'uwanki ne, ke kika kawo shi!"

Fortunato ya dubi yayarsa. Duk surutun nan ya ƙare, idanunsa sun cika da ruwa.

Nelida ta dubi ledar. Ta san in ta yi shiru za ta iya tsira da aikinta, ta ce ita ma yau ta ji. Amma Kaka zai shiga kwali, Fortunato ya shiga gidan yari, ita kuma ta koma ta gaya wa tsohuwar can me? Gaskiya kaɗai ce ta rage mata, kuma a ganinta gaskiyar ba ta da wani haɗari, in ban da kunya.

"Doktora, ba tono shi aka yi ba."

"To?"

"Daga gidanmu yake. Kakanmu ne. A alkukin kicin yake zaune, ƙanina ne ya ɗauko shi da safen nan."

"Kakanku!" Don Aurelio ya dafe ƙirji. "Kakanku za ku nuna wa baƙina? Nelida, kin gama aiki a wurina. Kin ji? Kin gama!"

Ba ta ko waiwaye shi ba.

"Ki tambayi kowa a Chaupimarka. Mahaifiyata ce ke riƙe da shi tun ina yarinya, ba wanda ke taɓa shi sai ita. Yanzu haka tana can ko ruwa ba ta sha ba. Don Allah, Doktora, gobe ranarsa ce. Kar ki bari ruhinsa ya zo gida ya tarar kansa ba ya nan."

Doktora ta sauke ajiyar zuciya, ta mayar da ledar cikin jaka.

"Kakata irinsa guda biyu gare ta a alkuki," ta ce. "Ɗaya ma fito yake yi in baƙo ya shiga tsakar gida, in ji ta." Ta girgiza kai. "Izini kam babu, ku nemi wani wuri ku kai attajirinku. Amma ban zo raba tsohuwa da ubanta a jajibirin Ranar Matattu ba. Kai kuma, shashasha, cire rigarka ka shimfiɗa. Ba a ɗaukar babba a hannu kamar kabewa."

Fortunato ya fashe da wata dariya mai haɗe da kuka, yana kiciniyar cire riga. Nelida ta jingina da bango. Aiki ya tafi, watannin wahala sun tafi, amma a ranta sai godiya take.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba.

Doktora ta sa hannu biyu ta ɗago shi a hankali. Yatsanta ya taɓa ƙeyar, sai wani ɓawon busasshiyar laka ya ɓalle ya faɗi ƙasa.

Ta tsaya.

Ta juya shi. Ta sa babban yatsa ta kankare sauran lakar.

"Riƙe min tocilar nan," ta ce wa Nelida, da wata murya dabam.

A ƙeyar akwai tsaga, doguwa, mai kaifin baki, kamar yadda garma ke shiga danyar ƙasa.

"A haka na same shi," Fortunato ya ce. "Da na cire hular na gani. Na ɗauka faɗowa ya taɓa yi daga alkuki, shi ya sa na toshe."

"Busasshen ƙashi in ya faɗi ba haka yake fashewa ba. Wannan da ransa aka yi masa, kuma da ƙarfe." Ta dubi Nelida. "Me ya kashe kakanku?"

"Tsufa. Tari ne... an ce tari ne."

"Yana da shekara nawa?"

"Ya haura tamanin."

Doktora ta juyo da fuskar wajen haske, ta shiga goge lakar da ke bakin.

"Nan ma kai ka shafe?"

"Akwai wani abu mai ƙyalli," ya ce a hankali. "Na ga Inka ba za su yi irinsa ba."

Lakar ta zube. Haƙora suka bayyana reras, ba giɓi ko ɗaya. A sama, gefen hagu, ɗaya na azurfa.

"Wannan mutumin bai kai arba'in ba," in ji Doktora.

Nelida ta matso da tocilar kusa da bakin.

Kaka Hilario ba shi da haƙori ko ɗaya. Ta tuna, niƙa masa gasasshiyar masara ake yi. Amma ta san haƙorin nan. Ta san shi a bakin mutumin da ke ɗora ta a wuya ran kasuwa, wanda in ya yi dariya azurfar ke fara fitowa, in ya sha kuma ya dawo gida su ɓuya a bayan buhunan dankali. Leoncio, mahaifinsu. Wata safiya tana 'yar shekara bakwai, Fortunato yana goye, ta tashi ba ta gan shi ba. Mahaifiyarta ta ce ya tafi dajin da ake haƙar zinariya, zai dawo in ya samu. Ta yi shekaru tana leƙa kowace babbar mota da ta tsaya a dandali. Ko da ta girma ta samu aiki a Kusko, duk direban da ya fito daga wajen sai ta tambaye shi.

"Panay?" Fortunato ya taɓa ta. "Panay, mene ne? Kin san shi?"

 Shi bai san fuskar ba, bai san dariyar ba. Da hannunsa ya ɗauko ubansa ya shafa masa laka.

Doktora ta miƙe, ta fita da shi bakin kogo inda akwai haske, ta ɗora a kan rigar da Fortunato ya shimfiɗa. Ta cire safar hannu ɗaya, ta ciro waya.

"Ki yi haƙuri, senyorita. Kakanni ina iya rufe ido a kansu. Wannan ba zan iya ba, ya fi ƙarfin ofishina. Aikin mai gabatar da ƙara ne."

"Doktora, don Allah..."

"Ke kika ce mahaifiyarki ce ke riƙe da shi. Ke kika ce ba mai taɓa shi sai ita."

Haka ta ce. Da bakinta, a gaban shaidu, ba wanda ya matsa mata. Baki shi ke yanka wuya, yau kuma ba nata wuyan ya yanka ba.

"Na yi kuskure," ta ce da sauri. "Ban tabbata ba. Wataƙila wani ne ya ba ta, wataƙila a gona aka tsinta, mutane suna tsinta..."

"Yaya sunanta?"

Nelida ta kau da kai.

"Senyorita, ƙauyen nan ba shi da girma. In ba ki faɗa ba yaro zai faɗa min. Yaya sunan mahaifiyarki?"

"Bernardina Ccoyllo."

Ba Nelida ce ta amsa ba.

Duk suka waiwaya. Tana tsaye a kan matakalar dutse ta ƙarshe, ta sa hularta ta zuwa coci, ta yafa mayafinta mai kyau. Ko haki ba ta yi. A hannunta jan mayafin nan ne da hular ulu, a ninke.

"Ki bar yarinyar, Doktora. Ba ta san komai ba, shi ma wawan can bai sani ba."

"Mamita," Doktora ta ce a hankali, "kin san abin da kike faɗa?"

Tsohuwar ta wuce Don Aurelio kamar kututture, ta zo ta durƙusa a gaban rigar. Ta sa gefen zanenta ta share sauran lakar daga goshin, ta ɗora hular, ta ja ta har ta rufe ƙeyar. Ba wanda ya hana ta.

"Mamay," Nelida ta ce, muryarta ta koma ta yarinya. "Kin ce yana dajin zinariya. Kin ce zai dawo."

Mama Bernardina ta ja mayafin ta rufe haƙoran, sannan ta ɗago ta dubi 'yarta ido cikin ido.

"Bai taɓa barin gidan ba."